Baturen Ingila Yana da Zaure, Mutumin Suwidin Ba Shi da Shi

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma ina taya ki murna. Gurbin digiri na biyu har wuri biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Lund ta ƙasar Suwidin, Allah ya sanya albarka. Kin ce zancen kuɗin makaranta da biza kun riga kun zauna da Baba a kansa, abin da ke hana ki barci shi ne mutane. An gaya miki Turawan Ingila akwai fara'a, su kuwa mutanen Suwidin ko gaisuwa ba sa amsawa, ga shi ke kin tashi a gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa sai dare ya raba. Kina son ki san inda za ki fi samun waɗanda za ki sake da su. Shekara uku na yi a Manchesta ta Ingila, yanzu ina cikin ta bakwai a Upsala ta nan Suwidin, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ki tuna zauren gidanmu na Zariya. Mai talla yana shiga, almajiri yana shiga, baƙon da ya ɓata hanya ma a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa, a yi ta gaisuwa har a tambayi gajiya da iyali. Amma mutum nawa ne cikinsu suka taɓa ganin tsakar gida? To, Baturen Ingila zaurensa faɗi gare shi. Shi kuwa mutumin Suwidin da ya tashi gina gidansa bai yi zaure ba sam: ko kina waje a tsaye, ko kina tsakar gida.

Satina na farko a Manchesta na ɗauka na faɗo cikin dangi. Direban bas ya kira ni da sunan da in an juya shi zuwa Hausa zai zama “masoyiya”, mai kanti ma haka, kuma babu wata manufa a ransu, haka bakin mutanen arewacin Ingila yake. Tsohuwa za ta same ki a tashar bas ta fara miki zancen ruwan sama, kafin motar ta zo kin ji labarin ciwon gwiwarta da jikanta da ke Ostareliya. Ki taka mutum, shi zai riga ki ba da haƙuri. Wannan duk gaskiya ne, kuma yana sanyaya zuciyar baƙo ƙwarai, ban raina shi ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da na daɗe ban gane ba. In sun ce “lafiya dai?” ba amsa suke jira ba, gaisuwa ce kawai, ki maimaita musu ita ki wuce. In kuma aka ce miki “lallai wata rana ki zo gida mu sha shayi”, matuƙar ba a faɗi rana da lokaci ba, sallama ce ake yi miki cikin ladabi.

Akwai wata maƙwabciyata can da muka yi shekara biyu muna hira ta saman shingen bayan gida. Da ƙaramar Sallah ta zo na zuba mata waina da miyar taushe na kai mata. Ta rungume ni, ta yaba har sai da na ji kunya, ta ce dole in zo mu ci abinci. Har na bar garin ban san kalar kujerun falonta ba. Ba ƙina take yi ba, na tabbata da wannan, domin ranar da zan tashi da hawaye a idonta. Iyakar zaurenta ke nan, ni ce na yi ta jiran abin da ba ta yi alkawari ba.

Da na dawo Upsala sai na ga akasin haka, kuma watannin farko sun yi mini nauyi. A tashar bas mutane suna tsayawa nesa da juna kamar an auna da igiya. A cikin motar, in akwai kujera biyu babu kowa, ba wanda zai zauna kusa da ke. A benen da nake, ina jin motsin maƙwabci a bayan ƙofarsa yana jira in shige lifta kafin ya fito, don kada mu haɗu ya rasa abin cewa. Ɗakin wanki na gidan gaba ɗaya guda ne a ƙasa, kowa yana kama lokacinsa a allo tun kwanaki kafin ranar, in kika wuce lokacinki ba wanda zai yi miki magana, takarda za ki tarar an manna. Ga duhu: a Disamba kafin ƙarfe uku na yamma rana ta faɗi a nan. Lund da ke kudu ta ɗan fi sauƙi, wajen uku da rabi, kuma kada ki zaci Manchesta ta fi da wani abin kirki, can ma kafin huɗu an yi magariba. Mutumin da ya saba da “sannu da aiki” da “ina gajiya” sau hamsin a wuni, in ya kwana uku bai ji muryar kowa ba sai ta mai kanti, zai fara tambayar kansa ko wani laifi ya yi.

Na sake gwada abin da na yi a Manchesta. Da babbar Sallah na kai wa wata dattijuwa da ke ƙasan ɗakina soyayyen nama da dambu. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta karɓa, fuskarta ta yi ja, ta ce na gode, ta rufe. Na hau sama raina a jagule. Kwana biyu sai na tarar da kwanona a bakin ƙofa an wanke shi tas, cike da burodin kirfa da ta gasa da hannunta, da ’yar takarda: ko zan samu zuwa shan kofi ranar Lahadi ta sama, ƙarfe uku? Ta rubuta kwanan wata. Na je uku daidai, na cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda kowa ke yi a nan, irin namu na gida. Muka zauna, ana magana ana yin shiru, shirun kuma bai dame ta ba ko kaɗan. Shekara shida ke nan. Makullin ɗakina yana hannunta. Lokacin da aka yi mini aiki na kwanta, ita ta riƙa hawo benen nan da miya a hannu, ta kuma rubuta a kalandarta ranakun da za ta raka ni asibiti, ba ta saɓa ko ɗaya ba.

Daga baya na fahimci abin da ya sa fuskarta ta yi ja rannan. Mutumin Suwidin ba ya son bashi a wuyansa, ko na alheri ne. Mu a wurinmu bashin alheri shi ne igiyar zumunci: na zo miki barka, kin zo mini biki, in kika rasa na ba ki, gobe ki ba ni. Su kuwa abubuwan da dangi ke yi wa mutum a wurinmu hukuma ce ta ɗauke musu. Ɗalibi yana karɓar tallafi da rancen karatu daga gwamnati ba tare da an dubi aljihun iyayensa ba, ma’aurata suna da kwana 480 na hutun reno ga kowane yaro, tsoho kuma ƙaramar hukuma ce ke aiko masa mai kula da shi. Yara suna barin gidan iyaye da wuri, kuma kusan gida huɗu cikin goma mutum ɗaya ne a ciki. Wanda ya tashi a haka, ladabi a wurinsa shi ne kada ya ɗora miki nauyi kuma kada ya kutsa cikin rayuwarki. Shi ya sa in kun ci abinci a waje kowa zai biya nasa, ko a tura wa wanda ya biya ta manhajar Swish tun ba a tashi daga teburin ba. Kin ga ce-ce-ku-cen da aka yi a intanet a 2022, cewa a wasu gidajen Suwidin yaro ya zo wasa wurin abokinsa, a kira ɗan gida cin abinci a bar baƙon a ɗaki. Abin ya faru da mutane da dama a da, kuma har yau ba na jin daɗinsa. Amma da na tambayi abokan aikina sai suka ce tunanin iyayen shi ne uwar yaron ta riga ta dafa nata tana jiransa, ciyar da shi shiga hurumin wani gida ne.

Abin da zai ba ki mamaki, suna da wata gaisuwa da za ki rantse daga wurinmu suka ɗauka. In kun yi zama tare, duk ranar da kuka sake haɗuwa, ko bayan wata guda ne, abu na farko da za a ce shi ne “tack för senast”, wato na gode da rannan. Ban gajiya ke nan. Ki riƙe ta, tana buɗe fuska.

To ta ina ake shiga gidan da babu zaure? Ta hanyar abin da ake yi tare a kan lokaci. Na farko fika: hutun shan kofi da ɗan abin taɓawa, wanda a wuraren aiki da sassan jami’a da yawa ake yi safe da yamma. Kada ki ce kina da aiki ki zauna gaban kwamfuta, a teburin nan ake sanin juna, kuma shugaban sashe da ɗalibi kujera ɗaya suke zama. Kowa da sunansa ake kiransa, har farfesan da ya haifi Baba. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka yar da laƙabi, bayan da Bror Rexed, da ya zama shugaban hukumar lafiya a 1967, ya ce da ma’aikatansa kowa ya kira shi da sunansa. Bakinki zai yi nauyi da farko, amma in kika dage da “ranka ya daɗe” za su ji kamar kina ture su ne. Na biyu ƙungiyoyi. Ƙasar nan a kan ƙungiya take tafiya: ta waƙa, ta saƙa, ta yawon daji, ta karatu. A Lund da Upsala akwai tsofaffin ƙungiyoyin ɗalibai guda 13 a kowane gari, masu ɗauke da sunayen yankunan ƙasar, suna dafa abincin rana mai rahusa, kuma kullum suna neman masu taya aiki. Ki shiga kicin ɗinsu ki yanka albasa tare da mutum sau biyar, a na shida shi zai fara yi miki magana. Na uku harshe. Kusan kowa yana jin Turanci, za ki iya gama digirinki ba ki koyi komai ba, amma hirar zuci da yarensu suke yi. Ɗakunan karatu na gari suna shirya zaman koyon hira kyauta, ki riƙa zuwa.

A ƙasashen biyu giya tana tsakiyar hulɗa, gara ki sani tun yanzu. A Ingila mashaya ita ce dandali, bayan aiki can ake tafiya, bi da bi kowa ya saya wa jama’a abin sha, wanda ba ya zuwa kuwa labari da yawa yana wuce shi. A Suwidin mutumin da bai iya haɗa ido da ke ranar Talata ba, daren Juma’a in ya sha sai ya zama aku, Litinin kuma ya koma kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. A nan ni Suwidin ta fi mini sauƙi, domin fika da rana ake yi kuma babu abin da zai sa ki tsargu.

Kada kuma ki fassara kowane shiru da ƙiyayya, ko kowane murmushi da ƙauna. Masu ƙin baƙi da Musulmi suna ko’ina. A Suwidin aka ƙona Alƙur’ani a gaban babban masallacin Stockholm ranar babbar Sallar 2023, a Ingila kuma aka kai wa masallatai hari a tarzomar bazarar 2024. Da hijabina nake yawo a ƙasashen biyu, na gamu da marasa kirki, na gamu da waɗanda suka tsaya mini.

Inda Ingila ta yi wa Suwidin nisa shi ne yawan mutanenmu. Ƙidayar 2021 ta nuna haifaffun Najeriya sun kai wajen dubu 270 a Ingila da Wales, Musulmi kuma sun doshi miliyan huɗu. A Manchesta ba ki rasa wadda za ku yi Hausa da ita, ga naman halal a kowace kusurwa, ga walima da suna kusan duk mako. Daɗi ne babba, amma na ga waɗanda suka shekara biyar ba su da aboki ko ɗaya ɗan ƙasar. A Lund Hausawa sai an tona. ’Yan’uwanki na masallaci za su zama Somaliyawa da Larabawan Siriya da Iraƙi da ’yan Gambiya, mafi yawansu a Malmo, tafiyar minti goma sha biyar a jirgin ƙasa.

Tunda ra’ayina kika nema: digirin Ingila shekara ɗaya ne, kafin ki gama gane hanyar bas an fara zancen kundin kammalawa, ba za ki wuce zauren kowa ba, sai dai ba za ki yi kaɗaici ba. Na Lund shekara biyu ne. Wata shidan farko za ki yi kuka, ba na ɓoye miki, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu. Amma na san ki da haƙuri da naci, kuma shekara biyu ta isa mutum biyu ko uku su ba ki makullinsu. Ni da zaɓin a hannuna yake, Lund zan ce.

In kin yanke, ki turo mini ranar saukarki da wuri in nemi hutu, daga nan zuwa can kusan awa biyar ne a jirgin ƙasa. Ki taho da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji mai yawa. Kilishi kuwa ki bar shi a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ki gaida Baba da su Inna.