Tambayoyinku: layin JAMB, sunan da ya saɓa a NIN, da kuɗin da ya maƙale

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yarona zai yi rajistar JAMB, mai shagon intanet a nan Tudun Wada ya ce ba sai mun wahala ba, zai karɓo masa lambar farko da wani layi da ke wurinsa. In yarda?

Amsa: Alhaji, kada ka yarda. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN, kuma rajista tana farawa ne da tura wannan lamba ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, sai a aiko da lambar da za a sayi fom da ita. Layin da aka yi wannan aike da shi ya zama na yaron ke nan a wurin hukumar, da shi zai duba sakamako ta saƙo. Layi ɗaya kuma ɗalibi ɗaya yake ɗauka. In mai shago ya tashi daga unguwa fa? A yi da layinka ko na mahaifiyarsa, wanda ba a taɓa yi wa wani yaro rajista da shi ba. A riƙa kira da shi ana sa masa kati, don layin da aka jefa a durowa wata da watanni kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Samaru. Na je neman bashin karatu na NELFUND aka ce bayanaina ba su dace ba. A NIN sunan mahaifina Muhammad, a BVN kuma Mohammed. Ai duk ɗaya ne, ko?

Amsa: A wurinmu ɗaya ne, 'yar uwa, amma kwamfuta harafi-harafi take bi. Da can akawu zai dubi fuskarki ya dubi takarda ya ce wuce. Yanzu rumbun bayanai biyu ne ke gaisawa, babu mai sa baki a tsakaninsu.

Tushen abin shi ne kowa ya tattara nasa daban. Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014, bankuna suka ɗauki sunaye yadda aka rubuta musu a fom. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke ba da NIN, kuma yawancin mutane ba su neme ta ba sai da gwamnati ta ce a haɗa ta da layin waya a Disamban 2020. Duk wanda ya ga cincirindon lokacin ya san da gaggawa aka cike wa mutane fom. Aka rubuta Aisha a nan, Aishatu a can, wani ma aka sa masa sunan garinsu a gurbin sunan mahaifi. Ina goyon bayan a haɗe bayanan nan, don ta haka ake toshe ƙofar ma'aikatan bogi da masu zauna wa wasu jarrabawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kuskuren mai buga rubutu, talaka ne zai biya kuɗin gyaransa.

To, ga yadda za ki yi. Ki jera takardunki: ta haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB. Rubutun da ke kansu shi ne madogara, don su suka fi wuyar gyara. In NIN ta dace da su, BVN kawai za ki gyara, kuma a bankinki ake yi, ki tafi da takardar NIN ɗin, wataƙila su nemi takardar rantsuwa ta kotu. In kuwa NIN ce ta kauce, tun 2024 NIMC ta buɗe shafin da mutum ke neman gyara da kansa ta waya, ya biya kuɗi ta intanet. Ki tabbata adireshin ya ƙare da nimc.gov.ng. Masu tallar “gyaran NIN cikin awa ɗaya” a WhatsApp kuwa, ki yi nesa da su, kuma kada ki karanta wa kowa lambar sirri da aka turo miki. Bayan gyara ki ɗan jira kafin ki sake nema, sabon sunan ba nan take yake isa ko'ina ba.

Tambaya: Na biya wa ƙanena kuɗin makaranta da lambar Remita a wurin mai POS a Sabon Gari. An cire kuɗin, amma shafin makarantar na cewa ba a biya ba. In sake biya?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai ɗaya, wato TSA, a 2015, kuɗin makarantunta da hukumominta ta Remita, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, suke shiga asusun, kuma kowane biya yana da lambarsa ta Remita mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. Shiga shafin Remita ka sa lambar a wurin duba matsayin biya. In ya nuna an biya, fitar da rasit ɗin ka kai ofishin kuɗi na makarantar su sabunta shafinsu. In ya nuna ba a biya ba, kuɗin bai isa ba ke nan, sai ka koma masa da takardar da ya ba ka da saƙon cire kuɗin da bankinka ya turo.