Yaƙin 'Yancin Amurka: Gidajen da Ya Raba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya ko Turawan da suka zauna Amurka kansu a haɗe yake lokacin da suka tashi neman 'yanci daga Ingila, da kuma halin da iyalai suka shiga a yaƙin. Na ga waɗanda suka riga ni amsawa sun kawo miki maganar haraji da ganyen shayin da aka zubar a tekun Boston a 1773, don haka ba sai na maimaita ba. Na yi zaman aiki a jihar Pennsylvania, kuma yawancin ranakun hutuna a wuraren tarihin yaƙin nan suka ƙare. Zan faɗa miki abin da na gani da wanda na karanta.

Kansu bai haɗu ba ko kaɗan. Abin da aka yi daga 1775 zuwa 1783 rabinsa yaƙi ne da Ingila, rabinsa kuma yaƙin basasa ne tsakanin maƙwabta da 'yan gida ɗaya. Mutanen yankuna 13 ɗin da Ingila ke mulka a can ba su wuce kimanin miliyan biyu da rabi ba, kuma masana na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na fararen fata ya tsaya kan biyayya ga Sarki George na Uku. Wasu da yawa kuma ba su nan ba su can, so suke kawai a bar su su yi nomansu. Ba a bar su ba. A garuruwa aka kafa kwamitoci masu sa mutum rantsuwar goyon bayan neman 'yancin, wanda ya ƙi a ƙwace masa bindiga, a hana ciniki da shi, wani ma a tuɓe shi a shafa masa kwalta a barbaɗa masa gashin tsuntsu a zaga gari da shi.

Dubi gidan Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala ɗari. Ɗansa William shi ne gwamnan da Sarki ya naɗa a New Jersey. Uban ya sa hannu a takardar shelar 'yanci a 1776, ɗan kuma a shekarar aka kama shi aka kai Connecticut, daga baya aka jefa shi kurkukun garin Litchfield. Matarsa Elizabeth ta kwanta ciwo a New York, ya roƙi a bar shi ya je ya gan ta, majalisar masu neman 'yanci ta ƙi, matar ta rasu a 1777 bai sa ta a ido ba. Uban, duk da yadda ake jin maganarsa, bai nema masa sassauci ba. Har ɗan William ɗin, Temple, kakan ya ɗauke ya tafi da shi Faransa yana yi masa aikin magatakarda. Bayan yaƙi sau ɗaya suka haɗu, a Southampton ta Ingila a 1785, kuma yawancin zaman maganar filaye da bashi aka yi. A wasiyyarsa Franklin ya bar wa William ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma rubuta ƙarara cewa rawar da ya taka a yaƙin ce dalili. Ni dai har yau, duk girman da nake gani na dattijon, wannan taurin zuciyar bai kwanta mini ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Grace Galloway a Filadelfiya. Mijinta Joseph babban ɗan siyasa ne da ya koma wajen Ingila. Da sojojin Ingila suka janye daga birnin a 1778, sai ya bi su tare da 'yarsu Betsy, ita kuma ta zauna don ta kare dukiyar da ta gada daga mahaifinta, saboda 'yar ta samu. A nan ne za ki ga bambancin dokarsu da abin da muka sani. A wurinmu dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. A dokar Ingila ta lokacin kuwa, da zarar mace ta yi aure, ikon dukiyarta ya koma hannun miji. Da aka ayyana Joseph maci amanar ƙasa, sai aka haɗa har da gadonta aka riƙe. Ta kulle ƙofofi ta ce ba inda za ta, jami'ai suka ɓalle ƙofa, ɗaya daga cikinsu ya kama hannunta ya fitar da ita waje. Ta koma zaman haya a ɗakin mutane, ta rasu a 1782 ba ta sake ganin 'yarta ba. Irinta ba ɗaya ba ce. Lucy Flucker, matar Janar Henry Knox na rundunar George Washington, babban kwamandan masu neman 'yanci, iyayenta 'yan Sarki ne, sun bar Boston tare da sojojin Ingila a Maris 1776, kuma rabuwar ke nan.

Maganar mace-mace kuwa, harsashi ba shi ne babban mai kisa ba. Waɗanda suka mutu a fagen daga a ɓangaren Amurka kimanin 6,800 ne, amma jimillar sojojin da aka rasa ana ƙiyasta ta kai 25,000. Ragowar cuta ce da zaman fursuna. A tsofaffin jiragen ruwan da Ingila ta mayar kurkuku a gaɓar Brooklyn kaɗai, mutum wajen 11,000 suka mutu. Na je Valley Forge a tsakiyar hunturu, inda Washington ya yi sansani da sojoji kusan 12,000 daga Disamba 1777 zuwa Yuni 1778. An sake gina irin bukkokinsu na gungumen itace: ƙafa 14 a faɗi, 16 a tsawo, mutum 12 a ciki, gadajen katako hawa-hawa jikin bango, murhu a ƙurya. Da rigar sanyi biyu na shiga amma yatsuna sai da suka ƙage. Abincinsu a ranakun wuya garin alkama ne a kwaɓa da ruwa a gasa a kan dutse, ko gishiri babu. Kusan 2,000 suka mutu a sansanin ba tare da an yi wata babbar arangama ba, atini da taifot da ciwon huhu suka kwashe su. Akwai mata ɗaruruwa da yara a wurin, matan sojoji ne da ba su da abin ci a gida, suna wanki da jinya a ba su ɗan kaso na abincin soja.

Cutar kuma ba ta tsaya a sansani ba, sojoji ke kai ta gari. Abigail Adams tana gona a Braintree da yara, mijinta John yana majalisa a Filadelfiya, annobar atini ta shigo a 1775 ta ɗauke mahaifiyarta. A 1776 ta kwashi yaran ta kai Boston aka yi musu rigakafin agana irin na da, wato a tsaga fata a sa ruwan ƙurjin mai cutar, mutum ya yi makonni a kwance, wani ma ya tafi ke nan. (Wannan dabarar, wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne ya bayyana wa wani limamin cocin Boston ita, aka gwada ta a annobar 1721.) A 1777 ta haifi 'ya ba rai, mijin ba ya nan. Daga ƙarshen 1779 zuwa 1784 ba su ga juna ba sam. Kuma ki tuna ita mai hali ce, tana da gona da 'yan aiki. Matar ƙaramin manomi da mijinta ya tafi lokacin girbi, ita da yara ne a gonar.

Sai kuɗi. Majalisa ta yi ta buga takardun kuɗi ba abin da ke tsaye a bayansu. Zuwa 1780 ita da kanta ta ce dala 40 ta takarda daidai take da ɗaya ta azurfa, shekara ta zagayo ba mai karɓarsu. Albashin soja kafin ya iso gida ya zama takarda kawai. A Boston a 1777 mata suka taru suka tare wani attajiri da ke ɓoye kofi don ya yi tsada, suka ƙwace makullan sitonsa suka kwashe kayan. Da aka sallami sojoji a 1783, takardun alkawarin biya aka ba su, yunwa ta sa da yawa suka sayar wa 'yan kasuwa a wulaƙance. A 1790 gwamnati ta amince za ta biya takardun da cikakkiyar darajarsu, amma ga wanda ke riƙe da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun kafin nan, a 1786, manoman Massachusetts da kotu ke ƙwace wa gonaki saboda bashi da haraji sun ɗauki makamai, kuma jagoransu Daniel Shays tsohon kyaftin ne na yaƙin 'yancin.

Kada ki manta da rukuni biyu na mutane da ba a cika sa su a lissafi ba. 'Yan asalin ƙasar na ƙawancen Iroquois sun rabu, Oneida da Tuscarora suka bi Amurka, Mohawk da Seneca da sauran suka bi Ingila. A 1779 rundunar Janar Sullivan ta ƙone garuruwansu wajen 40 da gonakin masara, iyalai suka gudu Niagara suka yi hunturu cikin yunwa. Su kuma bayi, kusan rabin miliyan, shelar 'yancin ba ta shafe su ba. Ingila ce ta yi alkawarin 'yanta wanda ya gudo daga hannun masu neman 'yancin, dubbai suka gudu, sau da yawa a bar mata ko 'ya'ya a baya. Kimanin 3,000 aka kwashe daga New York zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau a 1783, aka ba su ƙasa mai duwatsu, wasu ma ba a ba su komai ba. A 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka hau jirgi zuwa Saliyo suka kafa Freetown. Cikinsu har da Harry Washington, wanda ya tsere daga gonar George Washington kansa.

'Yan Sarki da suka bar ƙasar baki ɗaya sun kai kimanin 60,000, yawancinsu Kanada suka nufa. Waɗanda suka ci nasara kuma jiran lada ya yi musu tsawo. Sai a 1818 aka yi dokar fansho ga tsofaffin sojoji matalauta, ta matan ƙananan sojoji da mazansu suka rasu kuwa sai 1836, shekara 53 bayan gama yaƙi. Wadda ta kai lokacin dole ta kawo shaidar aure, shi ya sa da yawa suka yage shafin Baibul na gida inda aka rubuta ranar aure da haihuwar 'ya'ya suka aika wa gwamnati. Takardun suna nan a ma'ajiyar tarihin ƙasar a birnin Washington, an ɗora da yawa a intanet, idan aikin makaranta kike yi daga nan zan ce ki fara.