Me ya sa Cipro ya daina kama taifot?

Ɗan'uwa, ka ce a da Cipro na warkar maka da taifot, yanzu ka shanye kwali guda zazzaɓin yana nan, mene ne dalili? Ƙwayoyin cutar ne suka canza, sun saba da maganin har ya daina kashe su. Haka aka yi da chloramphenicol da ampicillin da Septrin, shi ya sa aka koma Cipro. A 2016 kuma, a Hyderabad ta ƙasar Pakistan, an samu nau'in taifot da ya gagari duka waɗannan, har da allurar ceftriaxone. Mu ma muna taimaka wa ƙwayoyin cutar: a sayi ƙwaya huɗu a kemis, jiki ya ɗan yi sauƙi, a ajiye sauran.

Amma ka fara tabbatar da cewa taifot ne. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake dogara da gwajin jini na Widal, alhali yakan nuna cutar ko ga wanda ya warke tuntuni. Ka nemi a yi maka kalca na jini, wato a reni ƙwayar cutar da ke jininka har ta tsiro. Muna jera ƙananan faifan magunguna a farantin da muka shuka ƙwayar cutar, duk faifan da ƙwayar ta tsiro har jikinsa, mun san ba zai yi maka aiki ba. Yakan ɗauki kwanaki. Idan cikinka ya ɗaure da ciwo mai tsanani kafin nan, ka tafi asibiti ranar, domin taifot na huda hanji.