Yaya zan gane kwanon alminiyum mai inganci kafin in biya?

Tambaya: Ina shirin rufe gidana a Gusau. Dillali ya ce kwanonsa alminiyum ne mai kaurin milimita 0.55, amma a hannu sai na ji shi kamar takarda. Ta yaya zan gwada?

Amsa: Malam, Allah ya sa a gama ginin lafiya. Ka fara da mayen ƙarfe. Alminiyum ba ya kama shi. Idan ya manne, to ƙarfe ne aka shafa wa rufi, irin wanda ake kira aluzin, mai kashi 55 cikin ɗari na alminiyum a fatarsa kawai. Shi ma kwano ne mai amfani, amma kuɗinsa daban, kuma yakan yi tsatsa a bakin yanka.

Kauri kuwa, nan ne aka fi cutar mutane, kuma abin yana damuna, domin ido ba ya raba 0.45 da 0.55. Ka nemi maikuromita, wato na'urar auna kauri, ka auna wuri uku ko huɗu nesa da gefe. Ka tuna fenti ma yana ƙara kauri, don haka ka kankare ɗan wuri tukuna. In babu na'urar, sikeli ya isa. A yanka maka mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi daga naɗin kwanon, kafin injin ya lanƙwasa shi. Mai 0.55 zai kai kusan kilo ɗaya da rabi, mai 0.45 kilo 1.2, mai 0.35 ba zai cika kilo ɗaya ba. Nauyin alminiyum sananne ne, giram 2.7 a kowane gunki mai santimita ɗaya tsawo, faɗi da kauri, dillali ba zai iya canza shi ba.

Sai ka lanƙwasa guntun ka dubi gwiwar. Mai kyau ba ya tsagewa, fentinsa ba ya ɓarewa.

Ƙarfinsa na ainihi sai a ɗakin gwaji, inda inji ke jan sili har ya tsinke. Zallan alminiyum mai laushi yana tsinkewa a wajen megafaskal 90 (ma'aunin ƙarfin jan ke nan), shi ya sa ake gauraya na rufi da ɗan manganis, wani irin ƙarfe, don ƙara masa ƙarfi. Ga gida guda ba sai ka je can ba, amma ka sa a rubuta kaurin a rasit, ka kuma sake aunawa ranar da aka sauke kayan, gaban kafintanka, domin samfurin shago ba lallai ne shi za a kawo maka ba.