Matsalar hoton PIV dinka a kusa da bango

Dan uwa, ka ce a PIV dinka (auna gudun ruwa ta hanyar daukar hoton kananan kwayoyin da aka zuba a ciki ana haska su da leza) hargitsin ruwan yana fitowa tas a tsakiyar bututu amma da ka matso jikin bango sai lissafi ya watse, wallahi kusan kowa nan yake fara cijewa. Abu na farko hasken leza ne, yana dukan bangon ya dawo ya rufe kwayoyin da ka zuba. Nemi kwayoyi masu rinin nan mai kyalli rodamin B, in koren leza mai nanomita 532 ya haske su lemu-lemu suke fitarwa, sai ka sa filta a gaban kyamara ya tare koren.

Na biyun ne ya fi damuna. Wurin nan na jikin bango siriri ne matuka, ka dauka u-tau dinka (ma'aunin gudu da ake samowa daga gogar ruwa da bango) santimita 5 ne a dakika, to a ruwa y+ daya (y+ shi ne nisa daga bango a ma'aunin da aka daidaita da u-tau) maikromita 20 ne kacal, kuma girgizar ta fi karfi wajajen y+ 15, wato milimita 0.3 daga bango. In tagar lissafinka (dan yankin hoton da ake fitar da gudu daya daga cikinsa) ta fi haka fadi ai ta hada mai gudu da mai tafiyar hawainiya ta ba ka tsakatsaki. Ka kara zum, ka sirance tagar ta bi tsawon ruwan, ko ma ka koma PTV kana bin kwaya daya-daya, ni shi na fi yarda da shi a nan. Turo min hoto guda da girman fiksel dinka mu duba tare.