Kafin ka ɗaure wayoyin firintar nan

Yarona, na duba firintar 3D ɗin da ka haɗa, kuma ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ka ce wayoyi sun cakuɗe a bayanta kamar taliya, kana so ka tattara su ka ɗaure da kebul-tai su yi kyan gani. Ka kuma ce wani lokaci tana tsakiyar aiki sai ta tsaya, allo ya nuna matsalar zafi. To ajiye kebul-tai ɗin tukuna, domin matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya.

Wayar rediyo tana iya shekara goma ba ta motsa ba. Ta firinta kuwa ba ta hutawa. Kan da ke narka roba yana kai da komo, farantin ƙasa yana gaba yana baya, aiki ɗaya ya cinye awa takwas. Wayar da ke bin su tana lanƙwashewa sau dubbai, kuma inda take karyewa shi ne daidai inda motsi ya ƙare, bakin dalma ko bakin soket. Cire wutar, ka kama kan da hannu ka kai shi ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka ja farantin har iyakarsa, idonka na kan wayoyin. Wadda ta miƙe kamar tsarkiya ta yi gajarta. Wadda take gogar ƙarfe za ta feɗe. Wadda take karyewa gwiwa a wuri guda, kwananta ya kusa ƙarewa.

Ina zargin tamistar kan ce take tsayar maka da aiki. Ita ce 'yar ƙwayar da ke auna zafi, wayoyinta biyu sirara ne kamar zare. Idan ɗaya ta fara tsinkewa a cikin robarta, sai ta riƙa haɗuwa tana rabuwa, bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa firintar, ya ga zafi yana tsalle, manhajar da ke cikinsa mai suna Marlin ta kashe hita. Ranka da shagonka take karewa, kada wani ya ce maka ka kashe wannan kariyar. Ɗora mita a kan wayar, ka girgiza ta a hankali. A sanyi ya kamata mitar ta nuna wajen 100k, wato ohm dubu ɗari, a Kaduna da rana zai ɗan yi ƙasa da haka saboda zafi. In lambar tana ɓacewa tana dawowa, ka kama ɓarawo.

Maganin shi ne ka ɗaure wayar a jikin abin da ke motsi, ɗan nesa da mahaɗarta, yadda duk jan da za a yi zai ƙare a kan ɗaurin. Daga nan ka bar ta ta yi baka mai faɗi zuwa firam. In ka samu sarƙar roba da ake zura wayoyi a ciki, madalla, amma kada ka cusa su har su kasa numfashi. In babu, robar nan mai naɗewa kamar macijiya ta wadatar. Kebul-tai kuma a matse shi daidai riƙo, kada ya nutse a jikin waya.

Wayar farantin zafi ita ce ke hana ni barci. Farantin wat 120 a kan bolt 12 yana jan amf 10, a kan 24 kuma rabin haka. Naka 12 ne, don haka waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ita ce mafi ƙaranci, kuma mai laushi, mai silin tagulla da yawa. Wayar gini mai sanda ɗaya ba ta da wuri a nan. Na kuma ga ka shafa wa bakin wayar dalma kafin ka matse ta da sukuru. Yanke wannan bakin yau. Dalma tana sakin jiki a hankali ƙarƙashin matsi, sukuru ya yi sako-sako, wurin ya fara ɗumi. Da idona na ga haka a shagon nan: ƙauri ya tashi, na juya na tarar koren soket ya zama baƙi, robarsa tana ɗiga a kan bod. Ka sa ferul, 'yar hular ƙarfen da ake matsewa a bakin waya, sannan bayan sati guda ka sake bin sukurorin.

Wayoyin moto da na hita su bi hanyarsu, na tamista da na makunnan iyaka, masu gaya wa bod cewa kai ko faranti ya kai ƙarshe, su bi tasu, domin hayaniyar manyan tana rikita ƙananan. Kada ka taɓa zare wayar moto alhali da wuta, direban, wato 'yar ƙwayar da ke juya moton a kan bod, yana iya mutuwa nan take. Kafin ka zare komai, naɗa farin tef ka rubuta sunan kowane moto, X, Y, Z, E, a duka bakin biyu.

Sai ɓangaren wutar NEPA, bolt 230. A rufe bakinsa, a sa fis, a haɗa wayar ƙasa da jikin fawa sufulai da firam ɗin ƙarfe. Bod ɗin kuma a ɗaga shi cikin akwati mai fanka, domin ƙurar hunturu da ɓeraye ba su san darajar kaya ba. Gobe da safe ka biya Panteka a lanƙwasa maka ɗan akwatin, ka taho da firintar da mitarka, mu fara da tamistar.