Amsa ga mai tambaya kan lauya da shari'ar masu neman jinsi ɗaya

Ƙanwata, kin ce kin fito daga makarantar horas da lauyoyi ta Bictoriya Ailan a Legas, kina tambaya ko lauyan da ya tsaya wa masu neman jinsi ɗaya zai iya faɗawa komar doka. Tsaya wa mutum a kotu aikinki ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma damar ɗaukar lauyan da yake so, kuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar.

Inda za ki yi hattara shi ne dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: ɗaurin shekara 14 kan auren, shekara 10 kan kafa ƙungiya ko mara mata baya.

Ki nemi bayanan shari'ar Egbeda ki karanta. A Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a unguwar Egbeda da ke Legas bisa zargin neman jinsi ɗaya, aka gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. Kafin nan an riga an nuna fuskokinsu a talabijin, wasu sun rasa aiki da muhalli. Wannan har yau yana ci mini rai.

Yawancin aikin neman beli ne da zarya ofishin 'yan sanda, kuɗin kuma kaɗan ne. Surutun mutanenmu na Agege ma ki shirya masa tun yanzu.